Reshen da Ya Rufe Mini Baki

Litinin, 5 ga Yuli, 1999, ƙarfe biyar na yamma

Takarda ta zo. Mutumin da ya kashe Baba yana neman afuwa, kuma alƙalan da ke duba afuwar laifukan zamanin rikici za su saurare shi a Maritzburg daga ran 27 ga wata, kwana uku. Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Littafin sabo ne, ban saye shi don in ɓata shi ba.

Sau biyu Mama ta sa na karanta mata. Da na gama ta ce, “Zibuyile, sun rubuta wurin?”

Na ce ba su rubuta ba.

Ta ce, “To me suka rubuta har shafi uku?”

Ita ba ruwanta da afuwa ko rashin afuwa, wurin kawai take so. A ƙarƙashin gadar Mzinyoni aka tsinci Baba, amma kowa ya san ba can ya cika ba. Jar ƙasa ce a gwiwoyin wandonsa, da ganyen rake a aljihun kwat ɗinsa, kuma babu rake ko ɗaya kusa da gadar. Jikinsa yana kwance bayan garken shanunmu shekara goma sha biyu. Kurwarsa kuwa tana can inda ya faɗi, don ba mu san inda za mu kai reshe mu ɗauko shi ba, yadda al’adarmu ta ce. Duk lokacin sanyi sai Mama ta ce, “Ubanku yana waje babu bargo.”

Laraba, 7 ga Yuli, azahar

Na je wurin lauyar da aka ba mu, Madam Govender, mace siririya mai shan shayi ba sukari. Ta zaunar da ni ta ce, “Ki saurare ni da kyau. Ba kisan ake tambaya ba, wannan ya riga ya amsa. Abu biyu za a duba: dalilinsa, da kuma ko ya faɗi gaskiya duka bai rage ba. In siyasa ce ta sa shi, zai fita. In ƙiyayyarsa ce ta ƙashin kansa, zai koma ya ƙarasa ɗaurin rai-da-rai.”

Na ce, “Ashe harsashin siyasa ya fi na ƙiyayya taushi?”

Ta cire tabarau ta goge. “Ba ni na rubuta dokar ba. Tambayata ita ce, kin san wani abu da ya taɓa shiga tsakaninsa da mahaifinki, ban da rigimar siyasa?”

Na ce ban sani ba.

Tun daga ofishinta har tasha bakina ɗaci yake yi.

Alhamis, 8 ga Yuli, da safe

Allah ya sa ya ruɓe a kurkukun can. Haƙoransa su zube ɗaya bayan ɗaya, ya rasa mai jiƙa masa burodi.

Juma’a, 9 ga Yuli, ƙarfe huɗu

Yau a aji, kamar da gangan, darasin ya faɗo kan sarkin Zulun nan da ’yan’uwansa suka soke da masu a bakin garkensa. Shekara bakwai ina koyar da shi, kuma kullum abu ɗaya nake ce wa yara: ku duba ɓangare biyu, ku ajiye son rai a bakin ƙofa. Sai Ntombifuthi, mai bakin nan da ke zama a gaba, ta ɗaga hannu.

“Malama, in don su ceci mutane suka kashe shi, ai ba daidai yake da in don kujera suka yi ba, ko?”

Na ce, “Je ki tambayi wanda aka soke ko ya ji bambanci.”

Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ce wanda ya kashe ya kashe, dalili kuwa riga ce da mai kisa ke ɗinka wa kansa daga baya. Na buga tebur har alli ya faɗo ya karye. Yarinyar ta yi tsuru-tsuru, ta ce, “Amma makon jiya kin ce…” Na ce ta zauna.

Na ci zalinta, na sani. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan dalilin da na gama zagi shi ne kaɗai sandar da ta rage a hannuna.

Lahadi, 11 ga Yuli, bayan coci

Ƙanena Mondli ya zo da sabuwar motarsa da naman kaza. Tun da ya fara shirin neman kansila baɗi, hatta sallamarsa ta koma jawabi. Muna cin tuwon masara ya ce hukumar makaranta ta yarda, za a sa wa makarantar Baba sunansa: Bhekifa Magwaza, hedimastan da ya hana a kwashi ɗalibansa a ba su makamai, ya mutu a kan haka.

Na ce, “Gaskiya ne, ya hana. Amma ba shi ke nan ba.”

Ya ajiye cokali. “Yaya, kada ki soma.”

“Me na soma?”

“Maganar shanun nan. Kowa ya manta. Baba jarumi ne, an kashe shi a kan yaran mutane. Kina so jarida ta rubuta wai rigimar aure ce? Kina so a mai da shi tsohon da ya wulaƙanta masu neman ’yarsa?”

“Ina so wanda ya harbe shi ya mutu a ɗaure.”

“Ke ba za ki iya kallon abin nan da ido biyu ba, kin yi kusa da shi da yawa.”

Na ce, “Kai kuma da ka yi nisa, har ka hango kujerar kansila daga can.”

Ya tashi ya bar naman. Mama tana tsince ƙashi tana ba kyanwa.

Talata, 13 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta maganar shanun, tunda an ce kowa ya manta.

Akwai wata yarinya ’yar shekara goma sha tara a Kwa-Sondela. Akwai wani saurayi mai waƙa a ƙungiyar coci, wanda daga baya ya koma bin masu riƙe da garin, yana yawo da kulki. Ya turo kawunnansa neman aurenta. Tun hantsi bai yi ba suka tsaya a bakin ƙofar gida suna kiran kirarin zuriyarmu, suna lissafa shanu goma sha ɗaya da launin kowace. Al’ada ce a bar su su ɗan jira. Baba ya bar su har rana ta take tsaka. Dattawa uku, ɗaya da sanda, maƙwabta sun fito suna kallo. Sannan ya fito, bai buɗe ƙofa ba, ya ce ta saman danga, “Ku koma ku faɗa masa ba na haɗa jini da karen farautar wasu.”

Wata biyu bayan haka aka tsinci Baba a gada.

Wannan duk gari ya sani. Akwai saura, amma ba yau ba.

Laraba, 14 ga Yuli, da safe

Sanyi. An fara ƙona gonakin rake, toka ta ɓata mini shanya.

Juma’a, 16 ga Yuli, azahar

Na koma wurin Madam Govender na ba ta labarin shanu. Ta rubuta, ta rubuta, sannan ta ce, “Wannan zai taimaka, amma bai isa ba. Lauyansa zai ce mutum yana iya jin haushin wani kuma a ba shi umarni ya kashe shi, umarnin ne abin dubawa. Zai kuma ce ke ’yar mamaci ce, da zafin rai kike magana. Ina bukatar abin da ya fito daga bakinsa shi.”

Na ce akwai. Bayan ranar shanu ya same ni a famfo ya ce, “Ubanki ya tsayar da iyayena a rana. Wata rana shi zai kwanta, a tsaya a kansa.”

“Kin gaya wa wani a lokacin?”

“A’a.”

“Kun sake magana bayan wannan?”

Na sunkuyar da kai. Ta ajiye biro ta ce, “Malama Magwaza, in kika hau kujerar shaida, lauyansa zai yi miki wannan tambayar gaban kowa, da rediyo da ’yan jarida. Gara in ji amsar a nan.”

Na faɗa mata. Ita ce ta farko a duniya da ta ji. Ba ta yi mini kallon da nake tsoro ba, ta dai zuba mini shayi ta sa sukari cokali uku. Ta ce in na faɗi wannan, kuma shi ya ɓoye, to ya faɗi ta fuska biyu: ga ƙiyayya, ga rage gaskiya. Ta ce amma in yi tunani, don garinmu ƙarami ne kuma a cikinsa nake koyarwa.

Na ce ta sa sunana. Alhamis, 29 ga wata, ƙarfe biyu. Ta ce shi ne zama na ƙarshe, daga nan alƙalan za su wuce wani lardi, wanda bai yi magana ba ya rasa.

Asabar, 17 ga Yuli, la’asar

Alhamis ƙarfe biyu. In na ƙone, tare za mu ƙone.

Talata, 20 ga Yuli, ƙarfe biyar

Na dawo na tarar Mama ta tafi bakin rafi ita kaɗai da ƙafar nan tata mai ciwo, ta saro reshen magaryar kura, wanda ake ɗauko mamaci da shi. Ƙaya ta yayyage mata hannu. Na yi faɗa kamar in ari baki.

“Mama, ba mu ma san wurin ba!”

“Za mu sani.”

“To wa zai riƙe? Kawu ya rasu, Mondli kuwa cocinsu ya ce wannan aikin duhu ne.”

Ta ce, “Gidan nan bai ƙare ba tukuna,” ta rataye shi a bayan ƙofa.

Na gaya mata zan ba da shaida. Ta tambaya a kan me. Na ce a kan shanu. Ta dube ni har sai da na kau da kai, sannan ta ce in ɗora mata ruwan wanka.

Juma’a, 23 ga Yuli, da safe

Na yi mafarkinsa, ba Baba ba, shi. Yana waƙa a coci da farar riga. Na farka ina jin kunyar kaina, na wanke baki sau biyu.

Talata, 27 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Na gan shi. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu, an ara masa kwat da ta fi shi faɗi. Na so in ga dodo, sai ga mutum yana shan ruwa kamar kowa. Wannan ma cuta ce, Allah ya saka mini.

Ya karanta takardarsa tiryan-tiryan. Wai an yi taro, an kawo sunaye huɗu, na Baba ne na biyu, saboda ya hana a ɗauki ɗalibai. Wai an ce wa zai yi, shi ya ɗaga hannu. Shugaban alƙalai ya ce, “Me ya sa kai?” Ya ce, “Na san hanyoyin garin, ranka ya daɗe.” Wani tsohon abokin tafiyarsu ya zo ya rantse cewa an yi taron, kuma sunan Baba yana ciki.

Abin da ya fi damuna ke nan: ban ga alamar ƙarya suke yi ba. An yi taron. Sunan yana ciki. Da bai ɗaga hannu ba, da wani ya ɗaga. To amma shi ya ɗaga, kuma ni na san me ya ɗaga masa hannun.

Mondli ya zauna a layin gaba da hoton Baba a ƙirji, yana gyara shi duk lokacin da mai kyamara ya juyo.

Laraba, 28 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Madam Govender ta tashi ta yi masa tambayoyi.

“Akwai wata rigima tsakaninka da marigayin?”

“Babu wadda ta wuce ta siyasa.”

“Ranar Asabar ɗin, marigayin bai bi babban titi ba. Ya bi ta hanyar gonaki zuwa taron iyayen yara, kuma da safiyar ranar ya yanke shawara. Yaya aka yi ka sani?”

Bai dube ni ba, kofin ruwansa ya duba. Ya ce, “Na ji a gari.”

“A bakin wa?”

“Na manta.”

Maƙaryaci! Bai manta ba. Madam Govender ta waiwayo ta ɗan gyaɗa mini kai, wato ya shiga hannu.

Kafin a tashi, Mama ta miƙe ba wanda ya ba ta izini, ta dogara sandarta. Ta ce, “Ɗan Zungu, ni MaSithole ce, ka sha nono a gidana. Ban zo jin dalilinka ba. Ina ka bar mini mijina?” Shugaban alƙalai ya tambaye shi ko zai iya nuna wurin. Ya ce zai iya. Aka ce gobe ƙarfe goma za a je, a dawo zama ƙarfe biyu.

Gobe. Na goge baƙar rigata. Na maimaita maganata gaban madubi har na haddace ta.

Juma’a, 30 ga Yuli, da hantsi

Jiya ban iya rubutu ba. Yau ban je makaranta ba.

Motoci huɗu muka tafi. Mai neman afuwar ya sa aka tsaya a wata gonar rake da aka riga aka ƙone aka sare, sai kututture baƙi. Ya yi ta tafiya da ankwa a hannu, ɗan sanda yana riƙe da gwiwar hannunsa, har ya kai wani dutse kusa da magudanar ruwa. Ya nuna da haɓa ya ce, “Nan muka kawo shi a mota. Ya durƙusa nan, sannan ya kwanta ta wannan gefen.” Jar ƙasa ce.

Ina tsaye ina kallon ƙasar sai na ji an cusa mini abu a hannu, ƙaya ta shige mini tafi. Ashe Mama ta naɗo reshen cikin bargonta tun daga gida. Kafin in buɗe baki ta durƙusa ta kama wuyan hannuna, ta shafa reshen a ƙasar, ta ɗaga murya da kirarin gidanmu: “Njinji! Magwaza! Ga ’yarka Zibuyile ta zo ɗaukarka. Tashi ka hau, sanyi ya isa haka. Ita za ta kai ka gida.”

Shi ke nan. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da ya biyo baya. Wanda ya riƙe reshe ba ya magana da mai rai, ba ya waiwaye, ba ya ratsewa ko’ina, sai ya shigar da mamaci gida. In ya yi magana, mamacin ya sauka a nan, ya sake ɓata.

Madam Govender ta matso. “Malama Magwaza, mu tafi, sha ɗaya ta wuce.” Wani ɗan sanda, Bazulu ne, ya tare ta a hankali ya yi mata bayani. Ta ce, “To ta ajiye shi a motata, bayan zama sai ta ɗauka.” Ɗan sandan ya ce, “Madam, ba jaka ba ce.” Ta zagayo gabana ta ce, “Ki dube ni. In ba ki zo ƙarfe biyu ba, ba ni da komai a hannu. Komai.”

Motarta tana hagu, ƙofa a buɗe. Titin da tasi ke bi zuwa gida yana dama. Na tsaya. Na rantse da kabarin Baba na yi niyyar sakin reshen. Yatsuna sun fara buɗewa.

Aka zo wucewa da mai ankwar ta gefena. Ya rage murya ya ce, “Ban faɗa ba, Zibu. Kin ga ban faɗa ba.”

Kai! Maganar shekara goma sha biyu ta taso mini har haƙora. Kyauta yake ganin ya yi mini? Ni ya rufa wa asiri ko kansa? Ban sani ba, kuma ban ga alamar shi ma ya sani ba. Da na tofa masa amsa ɗaya, da Baba ya sauka a gaban takalmin wanda ya kashe shi, a wuri ɗaya, karo na biyu, kuma karo na biyu ta dalilin bakina.

Na damƙe reshen har jini ya biyo mini hannu. Na juya dama.

A tasi Mama ta miƙa kuɗin mutum uku. Direba ya ƙirga ya ce, “Gogo, ku biyu ne ai.” Sai ya hango abin da ke hannuna. Ya kashe rediyo, ya cire hula, ya ce wa wani mai buhun albasa, “Malam, matsa, akwai babba a kujerar nan.” Na kwantar da reshen a kan kujera kusa da taga, ban sake shi ba.

Mai reshe da mamaci kaɗai yake magana, kuma dole ya riƙa gaya masa hanya. Na ce, “Baba, mun shiga mota.” Na ce, “Baba, ga kogi, za mu haye, kada ka tsaya.” Na ce, “Baba, nan za mu canza mota, ka biyo ni.” A mota ta biyu agogon direba ya nuna ƙarfe biyu daidai, muna hawan tudun Sondela. Sai na ga ai ina da wanda zan ba shaida.

Na ce, “Baba, ni ce. Ranar Asabar ɗin da safe ya zo bayan danga. Duk da abin da ya ce a famfo ban daina kula shi ba, na ɗauka zafin rai ne irin na maza. Ya tambaye ni yaushe za ka fita, ta ina za ka bi, wai don ya san lokacin da zai zo mu gana ba ka nan. Na ce masa ta gonaki za ka bi. Har na yi kitso ina jiransa. Baba, ga gadar Mzinyoni, za mu haye, kada ka tsaya.”

Wata mata a baya tana ta jan hanci. Mama tana kallon gabanta.

Muka shiga gida, na zaga da shi garken shanu ya ga dabbobinsa, na shigar da shi ɗakin kakanni na soke reshen a jinka. Maƙwabta suka kama akuya, aka kunna turare. Da bakina ya buɗe, kan Mama na fara sauke shi.

“Da gangan kika yi!”

Ta ce, “E.”

“Kin saki wanda ya kashe Baba! Da hannunki kika buɗe masa ƙofa!”

Ta ce, “Zauna, kina tsaye a kaina kamar ’yar sanda.” Na zauna. Ta ce, “Ranar ina bayan ɗaki ina shanya. Na ji ku, kalma da kalma. Na ce a raina yara ne, soyayya ce, in na gaya wa ubanki zai kusa kashe ki da duka. Na yi shiru. Ni na miƙa masa hularsa ya fita.” Ta kama hannuna tana cire mini ƙaya da allura. “Ke kike cewa wanda ya kashe ya kashe, dalili banza ne. To in haka ne, ke me sunanki? Ni kuma me sunana?”

Ta zare ƙayar ƙarshe ta ajiye allurar.

Ta ce, “Ya ci mini miji. Ba zan ƙara masa da ’ya ba, a rediyo, gaban duniya.”

Lahadi, 1 ga Agusta, la’asar

Mama ta yi barci har rana ta fito, abin da ban gani ba tun ina budurwa. Ni kuwa na fasa kofi biyu.

Laraba, 4 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Na kira Ntombifuthi bayan aji na ce tambayarta mai kyau ce. Ta ce, “To mece ce amsar, Malama?” Na ce ta rubuta abin da ke cikin littafi in tana so ta ci jarrabawa.

Alhamis, 14 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na daɗe ban buɗe littafin nan ba. Hukunci ya fito makon jiya, layi huɗu a jarida: dalilin siyasa, ya faɗi gaskiya duka, an yi masa afuwa. Mondli ya yanke ya sa a firam. An riga an rubuta sunan Baba a bangon makaranta da shuɗin fenti.

Yau na ga mutumin a tasha, zaune a kan benci da ledar kaya ɗaya, yana tari. Kawunnansa duk sun mutu, gidansu an ƙone shi tun zamanin rikici, uwarsa ta bi ’yarta wani gari ba wanda ya san ina. Ya miƙe ya cire hula ya ce, “Sannu, Zibu.” Babu reshe a hannuna yau, bakina nawa ne. Na wuce.

Mama ta ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma da roƙo guda. Ban yafe ba, kada wanda ya tsinci littafin nan ya ce na yafe. Ina roƙon Allah ya ba ni tsawon rai fiye da nasa. Ya sa mutumin ya faɗi ya mutu a wani wuri can, cikin sanyi, inda ba wanda ya gani sai ni. Wata rana wani nasa ya zo ƙofar gidan nan da reshe a hannu, ya tsaya a rana ya ce, “Mama, ina ne wurin?”

Sunansa Delani. Ga shi na rubuta.

Ranar sai in ga ko zan faɗa.